Baƙo Marar Takarda a Ɗakin Gaggawa: Hukuncin Shari'a, Tanadin Dokar Gana, da Abin da ke Kanmu a Zebilla

  

'Yan'uwa, tambaya guda tana yawan zuwa wa limamai da shugabannin zango a yankinmu na Zebilla da Bawku: idan baƙon da ba shi da katin ɗan ƙasa, ba shi da katin inshora, ba shi da wata takardar zama, ya faɗi rai a hannun Allah, a kai shi asibiti ko a ɓoye shi a gida? Mun tattara wannan bayani domin ɗalibai da jama'ar masallatai su sami abin komawa gare shi. Amsar a taƙaice ita ce: a kai shi, kuma a kai shi nan take. Rai yana gaba da takarda a Shari'a, yana gaba da ita a aikin likita, kuma dokar Gana ba ta ce a bar mutum ya mutu don ba shi da kati ba. Abin da ya fi cutar da irin waɗannan baƙi shi ne jinkirin da tsoro ke haifarwa, kuma wannan jinkirin mu ne za mu iya kawar da shi.

Wane ne marar takarda?

Waɗanda ake kira marasa takarda ba iri ɗaya ba ne, kuma sanin bambancinsu yana da amfani.

Na farko, wanda ya gudo daga yaƙi, ya tsallako iyaka, bai riga ya yi rajista da hukuma ba. Wannan mai neman mafaka ne, kuma doka tana ba shi kariya ta musamman tun kafin a gama duba lamarinsa.

Na biyu, ɗan kasuwa ko makiyayi ko ɗan ƙwadago da ya shigo ta hanyar da ta dace, amma ya wuce kwanakin da aka ba shi. Yarjejeniyar ECOWAS ta shekarar 1979 ta ba 'yan ƙasashen ƙungiyar damar shiga ƙasar juna ba tare da biza ba, har tsawon kwana 90. Burkina Faso da Mali da Nijar sun fita daga ƙungiyar a ranar 29 ga Janairu 2025, sai dai a lokacin ECOWAS ta sanar cewa za a ci gaba da karɓar fasfo da katunan 'yan waɗannan ƙasashe har sai an fitar da wata sanarwa.

Na uku, wanda takardunsa suka ƙone ko suka salwanta a hanya. Mai gudun tsira da ransa da dare ba ya tsayawa neman jakar takardu.

Na huɗu, wanda a nan aka haife shi, a zango ko a rugar Fulani, amma ba a yi masa takardar haihuwa ba, don haka samun katin ɗan ƙasa ya yi masa wuya. Wannan ba baƙo ba ne a wurinmu, amma a gaban tebur ɗin rajista halinsa ɗaya ne da baƙo.

Dukansu abu ɗaya ya haɗa su: suna jin tsoron duk wurin da za a tambaye su suna da gari a rubuta a littafi.

Yadda lamarin ya iso gare mu

Zebilla ita ce hedikwatar gundumar Bawku ta Yamma, a Jihar Gabas ta Sama, kan hanyar da ta tashi daga Bolgatanga zuwa Bawku. Arewa da gundumar iyakar Burkina Faso ce. Kusasi da Busanga da Mosi suna zaune a ɓangarorin iyakar biyu, ana aure, ana cin kasuwa, ana zuwa jana'iza, tun kafin Turawa su ja layi a tsakani.

Tun daga shekarar 2015 hare-haren masu ɗauke da makamai suka fara addabar Burkina Faso. Zuwa 2023, alkaluman hukumomin ƙasar sun nuna cewa fiye da mutum miliyan 2 sun rasa matsuguni a cikin ƙasarsu. Da rikicin ya gangaro kudu, musamman daga 2022, dubban mutane, akasarinsu mata da yara, suka tsallako zuwa ƙauyukan bakin iyaka irin su Sapeliga da Widnaba. A 2023 Hukumar 'Yan Gudun Hijira ta Gana, tare da hukumar Majalisar Ɗinkin Duniya mai kula da 'yan gudun hijira, wato UNHCR, suka buɗe matsuguni a Tarikom, cikin wannan gunduma tamu. Wasu sun koma can, wasu kuwa sun zauna a gidajen dangi da abokan arziki. A watan Yulin 2023 UNHCR ta nuna damuwa kan rahotannin mayar da wasu 'yan Burkina gida ala tilas, gwamnatin Gana kuma ta musanta cewa tana korar masu neman mafaka. Ko yaya lamarin ya kasance, labarin ya bar tsoro a zukatan baƙi.

Mu mutanen zango bai kamata wannan tsoro ya zama baƙon abu a gare mu ba. Kakanninmu fatake ne da malamai da suka biyo hanyar goro daga Kano da Katsina zuwa Salaga, suka zauna a Yendi da Bawku. A watan Nuwamba 1969 gwamnatin Busia ta ba duk baƙon da ba shi da takardar zama mako biyu ya bar ƙasar, zanguna da yawa suka watse, har da mutanen da ba su san wata ƙasa ba sai Gana. A 1983 kuma Najeriya ta kori baƙi marasa takarda, 'yan Gana masu yawa suka dawo da kayansu a ka. Wanda ya san wannan tarihi ya san cewa rashin takarda jarrabawa ce da ke zagayawa.

Mene ne ciwon gaggawa?

Ciwon gaggawa shi ne wanda idan aka yi jinkirin sa'o'i, wani lokaci ma mintuna, mutum zai iya rasa ransa ko wata gaɓa tasa. Waɗanda suka fi yawa a yankinmu su ne:

Mace mai ciki ko mai jego da jini ya ɓalle mata, ko ta fara jijjiga, ko naƙuda ta yi tsawo haihuwa ta ƙi zuwa. Zubar jini bayan haihuwa yana iya kashe mace cikin sa'o'i kaɗan.

Yaro mai zazzaɓi da ya fara taune-taune, ko ya kasa shan nono, ko yake amayar da duk abin da ya sha, ko tafin hannunsa ya yi fari fat. Wannan ya fi yawa da damina, lokacin zazzaɓin cizon sauro.

Zazzaɓi mai zafi tare da ciwon kai da sandarewar wuya. Wannan alamar sanƙarau ce, kuma arewacin Gana yana cikin yankin da cutar ke ɓarkewa da rani, daga hunturu zuwa bazara.

Saran maciji, musamman kububuwa, wadda dafinta ke hana jini daskarewa. Mutum zai iya zama kamar lafiyarsa lau a ranar farko, alhali jini yana zuba a cikinsa.

Hatsarin babur ko mota, harbin bindiga, sara, ƙuna mai faɗi, da ruftawar rami a wurin haƙar zinariya.

Gudawa da amai da suka ƙarar da ruwan jiki, shan guba ko maganin feshi, sarƙewar numfashi, shanyewar ɓarin jiki farat ɗaya, da suma.

Duk wanda ya ga ɗaya daga cikin waɗannan, kada ya tsaya tambayar ina katin. Lambar kiran gaggawa ta ƙasa ita ce 112. Idan motar asibiti ba za ta iso da wuri ba, a nemi duk abin hawan da ya samu, ko da motokin ne.

Hukuncin Musulunci

Malaman usulu sun bayyana cewa Shari'a ta zo ne domin tsare abubuwa biyar: addini, rai, hankali, zuriya da dukiya. Tsare rai bai keɓanta da ɗan gari ba, bai keɓanta da Musulmi ba. Aya ta 32 a Suratul Ma'ida ta daidaita ceton rai guda da ceton mutane gaba ɗaya, kuma ba ta ambaci ƙabila ko ƙasa ba. Malaman fiƙihu sun sanya ceton wanda ke gab da halaka a cikin farilla ta kifaya: idan wasu suka yi, ta faɗi daga kan saura, idan kowa ya juya baya, duk wanda ya sani kuma yake da iko ya yi laifi. Idan kuwa kai kaɗai ne a wurin, to ta zama farilla a kanka kai da kanka.

Game da baƙo, aya ta 60 a Suratut Tauba ta lissafa mutum takwas da ake ba zakka, a cikinsu akwai matafiyin da guzuri ya yanke masa, da faƙiri, da miskini, da wanda bashi ya danne. Baƙon da ke kwance a asibiti babu ko sidi ɗaya a hannunsa yakan shiga fiye da ɗaya daga cikin waɗannan. Inda baƙon ba Musulmi ba ne, ƙofar sadaka ta nafila a buɗe take, kuma malamai ba su yi saɓani kan halaccinta ba. Aya ta 6 a wannan sura ta umarci Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ba da mafaka ga mushirikin da ya nemi mafaka, sannan a isar da shi wurin da zai aminta.

Tarihin Musulunci ma da hijira ya fara. Sahabbai sun yi hijira zuwa Habasha, sarki Najjashi ya karɓe su alhali a lokacin addininsu ba ɗaya ba. A shekarar 622 Ansar suka karɓi Muhajirai a Madina, suka raba gida da dukiya da su. A Madina ɗin nan ne Rufaida Al'aslamiyya, Allah Ya ƙara mata yarda, ta kafa hema a masallaci tana jinyar masu rauni, kuma a hemarta aka kwantar da Sa'adu ɗan Mu'azu bayan yaƙin Khandaƙ. Ke nan masallaci da jinyar gaggawa sun daɗe tare.

Akwai kuma ƙa'idar larura. Idan babu likita mace, ya halatta likita namiji ya duba mace gwargwadon buƙata. Ƙarin jini ya halatta, daga Musulmi ko wanda ba Musulmi ba. Mai azumi ya sha ruwa idan jinya ta buƙaci haka, ya rama daga baya. Miji ko uba da ya hana a kai matarsa ko 'yarsa asibiti saboda kishi ko tsoron hukuma, har ta rasu, ya ɗauki nauyi mai girma a gaban Allah.

Abin da dokar Gana ta tanada

Tsarin mulkin 1992, a sashe na 12, ya ba da haƙƙoƙin ɗan Adam na asali ga duk mutumin da ke cikin Gana, ba tare da duba launinsa ko asalinsa ko addininsa ba. Lafazin bai tsaya ga 'yan ƙasa ba. Sashe na 13 shi ne ya tsare haƙƙin rayuwa.

Hukumar Lafiya ta Gana tana da kundin haƙƙin majinyaci, wanda aka shigar cikin Dokar Lafiyar Jama'a ta 2012, doka mai lamba 851. Kundin ya hana nuna wa majinyaci bambanci saboda ƙabila ko harshe ko addini, ya ba shi haƙƙin a yi masa bayanin ciwonsa, ya kuma wajabta tsare sirrinsa. A shekarar 2018, bayan wani dattijo ya rasu a Accra ana yawo da shi daga asibiti zuwa asibiti ana cewa babu gado, hukumomin lafiya suka ba da umarnin kada a sake mayar da mai ciwon gaggawa ba tare da an duba shi ba.

Game da kuɗi, kafin 2003 tsarin biya-a-duba-ka ne ke aiki. A shekarar ne aka kafa inshorar lafiya ta ƙasa, NHIS, aka sabunta dokarta a 2012 da doka mai lamba 852. Dokar ta shafi mazauna Gana. Yara 'yan ƙasa da shekara 18, da dattawa daga shekara 70, da masu ciki, da matalautan da aka tantance, ba sa biyan kuɗin shekara. Tun 2008 aka shigar da awon ciki da haihuwa cikin tsarin kyauta. Amma a lura: sabon mai rajista yakan jira wata guda kafin katinsa ya fara aiki, ban da masu ciki da yara 'yan ƙasa da shekara 5. Don haka inshora abu ne da ake yi tun ana lafiya.

Game da masu neman mafaka, Gana tana cikin yarjejeniyar 'yan gudun hijira ta 1951 da ta ƙasashen Afirka ta 1969, kuma dokarta ta 1992 ita ce ta kafa Hukumar 'Yan Gudun Hijira. Ginshiƙin waɗannan yarjejeniyoyi shi ne ba a mayar da mutum inda ake farautar ransa. 'Yan gudun hijirar da suka yi rajista ana shigar da su inshorar NHIS.

Wannan ƙa'ida ta fara ceton rai kafin tambaya ba a Gana kaɗai take ba. Amurka ta yi doka a 1986 da ta tilasta wa asibitoci su duba duk wanda ya zo ɗakin gaggawa, su daidaita halinsa, ko yana da kuɗi ko ba shi da, ko ɗan ƙasa ne ko ba ɗan ƙasa ba. A Ingila jinyar ɗakin gaggawa kyauta ce ga kowa. Faransa tana da tallafin jinya na musamman ga baƙi marasa takarda tun shekarar 2000.

Yadda ake karɓar majinyaci

Tsarin lafiya a nan hawa-hawa ne. A ƙauye akwai ƙaramin ɗakin shan magani na CHPS, tsarin da aka fara gwada shi a Navrongo. Sama da shi cibiyar lafiya, sannan asibitin gunduma a Zebilla. Abin da ya fi ƙarfinsa akan tura shi asibitin jiha a Bolgatanga, daga can kuma sai asibitin koyarwa na Tamale, mai nisan kimanin kilomita 160 daga Bolgatanga. A gabas akwai asibitin Presbyterian na Bawku. Rikicin Bawku, da dokar hana fita da ake sanyawa saboda shi, yana sa tafiyar dare ta yi wuya, kuma wannan ƙarin dalili ne na kada a bari ciwo ya kai dare.

A ɗakin gaggawa ba a bin layi. Ma'aikacin jinya yana tantance kowa gwargwadon tsananin ciwonsa, asibitoci da yawa kuma suna amfani da launi: ja ga wanda za a kama nan take, kore ga wanda zai iya jira. Abin da ake fara dubawa shi ne hanyar iska a buɗe take, mutum yana numfashi, jini yana zagayawa. Babu ɗaya daga cikin waɗannan da ke buƙatar kati. Idan mutum a sume yake kuma babu danginsa, likita yana da damar yin abin da zai ceci ransa ba tare da jiran izini ba.

Tambayar suna da shekaru da gari domin buɗe fayil ne. Ma'aikacin asibiti ba jami'in shige da fice ba ne, kuma rantsuwar aikinsa ta ɗaure shi da tsare sirri. Gaskiya ne akwai abubuwan da ke fita daga ɗakin: cututtuka masu yaɗuwa irin su sanƙarau da kwalara da ƙyanda ana sanar da ofishin lafiya na gunduma domin a kare jama'a, raunin harbi ko na hatsari kuma yakan jawo binciken 'yan sanda. Mu faɗa wa baƙi wannan ba tare da ɓoyewa ba. Amsa tambayar ɗan sanda a kan gadon asibiti ya fi a ɗauki gawa daga ɗakin da aka ɓoye mutum.

Harshe babban shinge ne. Baƙon na iya jin Mosanci ko Fulatanci ko Faransanci kaɗai, ma'aikacin kuma Turanci da Kusasanci ko Tuwi. Sau da yawa Hausa ce gadar da ke haɗa su. Tafinta ya faɗi abin da aka ce, kada ya ƙara kada ya rage, kada ya ba da fatawar kansa. Mace ta fi dacewa ta yi wa mace tafinta. Kada a sa yaro ya fassara ciwon mahaifiyarsa, domin kunya za ta sa ta ɓoye abin da likita ya fi buƙatar ji. Abin da tafinta ya ji amana ce, ba labarin majalisa ba.

Inda doka ta tsaya, buƙata ta ci gaba

Dole mu faɗi gaskiya: haƙƙin a duba mutum bai nufin komai kyauta ne ba. Wanda ba shi da inshora za a kawo masa lissafi. A ko'ina a ƙasar nan yakan faru magani ya ƙare a asibiti a ce dangi su sayo, ko a nemi kuɗin mai idan za a tura majinyaci wani gari, ko a ce a kawo wanda zai ba da jini a madadin wanda aka ƙara. Ɗan gari yana da dangin da za su ruga. Baƙo ba shi da kowa sai wanda ya kawo shi. Wannan gurbi shi ne namu.

Ba da jini sadaka ce da ba ta cin ko kwabo. Mai lafiya daga shekara 17 zuwa 60, wanda nauyinsa ya kai kilo 50, zai iya bayarwa, kuma abin da ake ɗiba bai kai rabin lita ba. A asibitocin gwamnati kuma akwai ma'aikatan jin daɗin jama'a da ake kai musu lamarin wanda ba shi da halin biya. Idan shugaban zango ko wakilin masallaci ya tsaya ya yi magana cikin ladabi, hanya takan buɗe.

Kurakuran da muke gargaɗi a kansu

Aron katin inshora. Wasu sukan ba baƙo katin wani don a rage kuɗi. Wannan algus ne a Shari'a, laifi ne a doka, kuma hatsari ne, domin fayil ɗin mai katin yana ɗauke da tarihin ciwonsa da magungunansa da rukunin jininsa. Za a iya cutar da su duka biyun.

Ɓoye gaskiyar ciwo. A faɗi lokacin da ciwon ya fara, da abin da aka sha a gida, na gargajiya ko na kemis. A tafi da kwalin ko kwalbar.

Ɗura wa sumamme ruwa ko rubutu ko kunu a baki. Yana iya gangarawa huhu. A kwantar da shi a gefensa, a yi masa addu'a ana kan hanya. Addu'a da neman magani ba sa karo da juna.

Tsaga wurin saran maciji, ko tsotsa, ko ɗaurewa tamau. A cire zobe da abin hannu, a hana gaɓar motsi, a garzaya inda ake da allurar kashe dafi. Wurin da jini ke zuba kuwa a danne shi da tsumma mai tsabta.

Gudu daga asibiti kafin sallama saboda tsoron lissafi. Ciwon yakan dawo da ƙarfi, kuma yana ɓata wa baƙon da zai zo gobe.

Bayan sallama, ko bayan rasuwa

Idan Allah Ya ba da sauƙi, mu raka baƙon ya gyara zamansa. Mai neman mafaka ya yi rajista da Hukumar 'Yan Gudun Hijira, wanda kwanakinsa suka wuce ya je ofishin shige da fice. Jaririn da aka haifa a nan a yi masa rajistar haihuwa kafin ya cika shekara, lokacin da take kyauta. Takardar haihuwa ita kaɗai ba ta mayar da shi ɗan Gana, amma tana hana shi tashi ba shi da wata shaida a duniya. Rigakafin yara da maganin tarin fuka kyauta ne a asibitocin gwamnati.

Ba mu ce a ɓoye kowa daga hukuma ba. Matsalar tsaro a bakin iyaka gaskiya ce, kuma wanda ya ga abin da ke barazana ga rayukan jama'a wajibi ne ya sanar. Amma zato ba hujja ba ne, kuma ƙabilar mutum ko rigarsa ba laifi ba ce. Bincike aikin hukuma ne, kai marar lafiya asibiti aikinmu ne.

Idan kuwa ajali ya zo, wanka da likkafani da salla da binne Musulmi farilla ce ta kifaya a kan jama'ar garin da ya rasu. A bi ƙa'idar asibiti da ta 'yan sanda kafin ɗaukar gawa. A rubuta sunansa in an sani, da garinsu, da ranar rasuwa, da wurin kabarin, a ajiye a masallaci, domin wata rana danginsa za su zo nema.

Abin da kowane masallaci zai iya yi

Muna kira ga kwamitocin masallatai a Zebilla da Bawku da Yendi da Salaga su tanadi abubuwa biyar tun kafin buƙata ta taso. A ware asusun gaggawa daga sadaka da zakka, a hannun amintattu biyu ko uku, da littafin shiga da fita. A rubuta sunayen matasan da suka yarda su ba da jini. A san masu jin Mosanci da Fulatanci da Faransanci, maza da mata, waɗanda za a iya tasa da dare. A san masu mota ko motokin da za su fito idan an kira. Sannan liman ya faɗa a kan mumbari, da harshen da baƙi ke ji, cewa ƙofar asibiti ba tarko ba ce. Mu kuma girmama ma'aikatan lafiya, domin suna aiki da kaɗan, kuma tsawa a kansu ba ta ƙara wa majinyaci komai.

Ɗalibanmu da ke karatun jinya da ungozoma da likitanci, ku riƙe wannan: wanda aka shigo da shi a sume amana ce a hannunku, ku fara da numfashinsa, littafi ya biyo baya.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, Ya mayar da waɗanda aka raba da gidajensu cikin aminci, Ya zaunar da Bawku da Burkina Faso da sauran ƙasashenmu lafiya. Allah Shi ne Mafi sani.